Wanda Ya Sauka Ramin Marzuk

Munji ne ya kawo min 'yan fim ɗin da kansa. Motocinsu suka toshe mana lungu, har mai kawo ruwa ya rasa ta inda zai bi da jakinsa. Ya shigo tsakar gida yadda ya saba tun yana saurayi, shi a gaba sallama a baya, ya sunkuya ya sumbaci kaina.

"Ummi Mbarka, kullum ƙuruciya kike ƙarawa."

"Kai kuma tumbi. Da wannan kake gudu a fili?"

"Na daina gudu, Ummi. Yanzu a talabijin nake gaya wa yara yadda ake yi."

"Da ma bakinka ya fi ƙafarka."

Wata 'yar birni mai gajeren gashi tana bayansa tana dariya. Nadra sunanta, wai ita ce darakta, ita ke cewa maza su tsaya su tsaya. Ta ce sun zo su yi fim ɗin ɗana Marzuk da abokinsa, yadda suka yi ƙwallo tare, da yadda ciwo ya ɗauke shi. Na ce ku zauna ku sha shayi tukuna, mai fim ɗin ba sauri yake yi ba.

Marzuk shi kaɗai Allah ya ba ni. Ubansa a teku ya tafi, yaro yana rarrafe. Gola ne a kulob ɗin garinmu, Munji kuwa ɗan gaba, ɗan gidan Hajj Sadok masu matsar zaitun. Mu baƙaƙe ne, unguwarmu tana bayan kasuwar kifi, kuma har gobe idan tsofaffin fararen garin suka manta da kansu, bayi suke ce mana. Kakata a gidan kakan Munji ta ƙare tana wanki. Masallaci ɗaya muke shiga, amma aure kowa da nasa, maƙabarta ma kowa da tasa. Tasu tana kan tudu, da sunaye a farin dutse. Tamu tana gangare, ba rubutu, sai dutse a kai dutse a ƙafa, uwa ta san nata.

Yadda suka haɗu kuwa, ba wani abin kirki ba ne. Kulob ya tafi wasa garin Gabis, aka zo rabon ɗaki. Ba mai son kwana da Marzuk saboda fatarsa, ba mai son kwana da Munji saboda minshari. Koci ya haɗa su. Suka dawo Munji yana ce wa Marzuk Ƙanzo, shi kuma yana ce masa Ɗanyen Ƙulli.

"Ƙanzo, wallahi ka sake bari aka ci mu sai na gaya wa Ummi."

"Kai da ka buga ƙwallo ta faɗa gonar mutane? Je ka a mayar da kai tanderu, ba ka gasu ba."

A gabana suke wannan, hannu cikin akushi ɗaya na kuskus da kifi. Munji ya fi ɗana ci. Ba na ɓoye alherinsa, ko yanzu. Ranar da 'yan kallo suka riƙa yi wa Marzuk kukan biri daga bayan raga, Munji ya haura waya ya fasa wa wani hanci, aka dakatar da shi daga wasa, ubansa ya yi wata bai yi masa magana ba. Da ciwon ya zo, na jini ne, irin wanda likita yake duban takalminsa idan zai faɗa maka, Munji ne yake tuƙa mu asibitin Safakis ya dawo da mu. Da gashin Marzuk ya zube, shi ma ya je ya aske nasa tas, ya shigo da kai kamar ƙwan jimina. Marzuk ya yi dariya har ya yi amai. Da ƙafa ta daina ɗaukarsa, Munji ke goya shi zuwa bayi, ya tsaya a ƙofa yana zaginsa wai ya cika daɗewa.

Wata safiya ina dama wa ɗana kunu a bakin ƙofa, na ji Marzuk ya ce:

"Ɗanyen Ƙulli."

"Me kuma?"

"Ba ni da uba, ba ni da wa. Wa zai karɓe ni?"

Kun san dai, idan an kai mutum, nasa ne suke sauka cikin rami su miƙa hannu a miƙo musu shi, su kwantar da shi, su kwance ɗaurin likkafani, su juya fuskarsa alƙibla. Hannun ƙarshe ke nan. Marzuk tun yana ƙarami tsoron rami yake yi, ko rijiya ba ya leƙawa.

Munji ya ce, "Rufe mana baki, ranar Lahadi muna da wasa."

"Duk rayuwata ni nake tare muku. Wannan karon kai za ka tare. Ka sauka, ka ji? Kuma na san hannunka, kada ka sake ni."

"Zan sauka."

"Ce wallahi."

"Wallahi zan sauka, Ƙanzo. Sha kununka."

Mu mata ba ma bin makara. Ranar da aka fita da shi, a soro na tsaya, na ga Munji ya sa kafaɗa ta gaba, hagu, har suka sha kwana. Da maza suka dawo, na kama rigarsa a gaban kowa, na ce, "Ka sauka?" Ya ce, "Na sauka, Ummi." Maƙwabcina Ammi Hamis, baffan unguwa, yana tsaye a wurin yana jinmu. Washegari matar Hamis ta kai ni ta nuna min wurin, can ƙurya, jikin katangar baya, inda wata bishiyar ɓaure take.

To wannan maganar ce ta riƙe ni shekara talatin da ɗoriya. Duk ranar da na tuna yaro cikin rami, sai na ce a'a, hannun da ya sani ne ya kwantar da shi. Da ita nake barci. Munji ya koma birni, ya yi suna, ya yi aure da 'yar manya. Duk sallah sai ya zo, ya ce, "Na biya ta wajen Ƙanzo na gaishe shi." Ni kuma in cika masa mota da dabino da yaji. Idan matan unguwa suna kukan 'ya'yansu sun manta da su, sai in ce ni kam nawa ɗaya yana ƙasa ɗaya yana talabijin. Su yi shiru. Na ɗauka hassada ce.

'Yan fim suka kwashe makonni a garin. Sun samo wani dogon yaro ya zama Marzuk, bai iya tare ko tulu ba. Wadda ta zama ni kuwa, tubarkalla, haƙoranta duka suna nan, kuma ta iya kuka ba majina. Na bar su, aikinsu ne. Ƙarshen fim ɗin, in ji Nadra, za a bar 'yan wasa, a nuna Munji na gaske a gaban kabari na gaske, ni kuma ina gefe. Ta ce, "Hajja, ba sai kin yi magana ba, tsayawa kawai." Na ce tsayawa kam na iya.

Da hantsi muka je. Suka kafa kyamara a ƙofar maƙabarta, wani ya ɗaga wata sanda mai gashi kamar mushen kyanwa a saman kanmu. Nadra ta ce, "Si Munji, kai za ka shiga gaba, ka tafi a hankali yadda ka saba, mu muna binka."

Ya waiwayo ya ce, "Ummi ta shiga gaba mana, ita ce babba."

Nadra ta ce, "A'a, kai nake so. Hajja ta biyo."

Ya shiga. Ya yi taku kaɗan, ya duba dama, ya duba hagu. Na ce a raina hawaye ne ya rufe masa ido. Sai na ga ya karkata dama, kusa da ƙofa, inda ake sa sababbi tunda ciki ya cika. Akwai wani kabari a wurin, an shafe shi da farar ƙasa fes, an dasa masa na'ana'a a gwangwani. Ya durƙusa a gabansa, ya ɗora tafinsa, ya fashe da kuka. "Ƙanzo," in ji shi, "ga ni na zo."

Kabarin Galiya mai kifi ne. Shekarun baya kaɗan ta rasu, 'ya'yanta mata ne ke gyara shi duk Juma'a. Ko baƙo ya duba zai ga dutsen ƙafa a karkace yake, yadda muke yi wa mata. Galiyar da ta taɓa bin Marzuk da Munji da wuƙar fawa har bakin masallaci, ranar da ƙwallonsu ta faɗa mata cikin faranti.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Mutum yana iya manta layi. Yana iya manta na biyu ne ko na uku daga katanga. Amma wanda ya sauka cikin ramin nan, ya ɗaga kai ya ga ganyen ɓaure a samansa, ba zai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya dai duba ne ya ga wanda ya fi gyara, ya ce na uwa mai ɗa ɗaya ne.

Nadra ta share ido, ta matso ta yi min raɗa, "Hajja, nan ne ko?"

Na ce, "Shi ya sauka, ai shi ya sani."

Ta ce madalla. Aka kira ni in tsaya gefensa, na tsaya. Na yi wa Galiya fatiha, tunda na zo.

Ban koma gida ba. Na wuce wajen Ammi Hamis, yana zaune a inuwa yana laluben taru, ido ya tafi amma hannu bai daina ba.

"Hamis, wa ya sauka?"

"Sauka ina, Mbarka?"

"Kada ka yi min tsufa yau. Gobe ka yi."

Ya ajiye tarun. Ya daɗe yana motsa baki kamar mai tauna.

"Ni ne. Ni da Farhat, Allah ya ji ƙansa."

"Shi kuma fa?"

"Ya ɗauko har ƙofa. A bakin ƙofa ya ba wani kafaɗa. Fararen kulob da mutanen tudu duk sun jeru a bayan katanga suna leƙe, sun yi sallah da mu a masallaci amma ba wanda ya shigo. Ya koma cikinsu ya tsaya. Na kira shi daga cikin rami, Mbarka. Na ce Munji. Kowa ya ji."

"Ya amsa?"

"Kuka dai yake yi."

"Matarka ta sani?"

"Ta sani."

"Wa kuma?"

"Ki ce wa ye bai sani ba."

Na zauna a ƙasa, ni da ƙafata ba ta son ƙasa. Duk matan nan da nake yi wa baki da ɗana na talabijin. Ashe kallona suke yi.

Hamis ya ce, "Galiya ce ta tara mu a ranar, ta ce duk wanda ya gaya miki sai ta fasa masa baki. Ta ce a bar miki abin da za ki riƙe." Ya laluba ya kama hannuna. "Na kwantar da shi da kyau. Ban sake shi ba."

Na ce, "Na gode, Hamis." Na zare hannuna. Ba shi aka roƙa ba, kuma ya sani.

Da la'asar Munji ya zo shi kaɗai, ido jajur, da ledar nama a hannu. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ban ɗora shayi ba. Ya lura.

"Ummi, lafiya?"

"Galiya tana gaishe ka. Ta ce ba ta san kana sonta haka ba."

Bai gane ba da farko. Da ya gane, sai na ga fuskar nan ta talabijin ta zube, ya koma yaron da yake satar min kifi a kasko. Na so in ba shi hanya, wallahi na so.

"Hajj Sadok ne ya riƙe ka? Ubanka na san shi. Ce min shi ne."

"Baba bai zo ba ranar."

"To wa?"

"Ba kowa." Ya dubi hannuwansa. "Na iso ƙofa, na ga mutanenmu a jikin katanga. Ba wanda ya ce min komai. Ƙafata ce ta tsaya. Na ce bari in huta kaɗan in shiga. Ina cewa yanzu, yanzu, har na ji ana zuba ƙasa."

"Ka goya shi zuwa bayi. Ka wanke masa amai."

"A cikin gida ne wannan, Ummi."

"Ka haura waya a gaban gari duka."

"Wannan faɗa ne. Faɗa kowa yana yaba maka. Amma rami... Tun muna yara ake ce mana wanda ya shiga can ya zama nasu. Ban yarda da shi ba. Wallahi ban yarda ba."

"Ƙafarka ta yarda."

Ya sa kuka. Wannan karon da majina.

"Duk sallah kana ce min ka biya ka gaishe shi."

"Ina zuwa. A mota nake tsayawa, bayan katanga."

"A fim ɗin fa? Ka sauka?"

Ya gyaɗa kai. "Haka na ba su labari. Na ɗauka idan na gani da idona, ko na ƙarya ne... Ummi, ki nuna min. Yanzu, kafin magariba. Zan shiga, ba kyamara. Gobe in gaya wa Nadra a sake ɗauka."

"A sake ɗaukar me? Ka durƙusa a na gaske ka ce ga ni na zo, duniya ta ce kai ka kwantar da shi?"

"To in gaya mata gaskiya."

"Gaya mata."

Na jira. Kaza ta zo ta tsattsagi ledar naman, ba wanda ya kore ta. Ina kallonsa yana lissafin matarsa, da 'ya'yansa, da kujerarsa ta talabijin. Ban ji haushin wannan ba sosai, na riga na ga yadda yake tsayawa.

Na ce, "Tashi ka tafi, Si Munji."

Tunda nake ban taɓa ce masa Si ba, kiran girma ne da ake yi wa bare. Ya ɗago kamar na mare shi.

"Ummi, don Allah."

"Ɗauki namanka, kaza ta fara."

Washegari na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, na sha shayin kowa. Na ce musu na ji labari, kuma ban zo faɗa ba. Abu ɗaya nake so. Tunda kun iya shiru haka, ku ci gaba. Duk wanda ya nuna wa Munji ko ɗan fim ko ɗan jarida inda Marzuk yake, ban yafe ba. 'Ya'yan Galiya suka ce, to uwarmu fa? Na ce uwarku ita ta fara, sai ta ƙarasa.

Fim ya fito bayan shekara. Nadra ta aiko mota a kai ni birni, na ce ƙafata na ciwo. A gidan Hamis na gani da aka sa a talabijin, ɗaki cike, kowa yana satar kallona. Sun yi shi da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yaron da ya zama Munji ya ture mutane, ya yi tsalle cikin rami da fararen kaya, ya miƙa hannu biyu. Aka sa goge mai sa kuka. Matar Hamis ta yi ta sharɓar kuka, ita da ta sani. Ni ma abin ya taɓa ni, domin haka ɗin na riƙa ganinsa a raina duk shekarun nan, har fararen kayan. Na tashi na fita kafin a nuno ni.

Yanzu Galiya ba ta rasa baƙi. Samari suna zuwa daga Gabis, daga Safakis, fari da baƙi, su ɗaura mata ƙyallen kulob, su ajiye mata safar hannun gola. Wani ya kawo farin dutse da rubutu, aka ce sunan ɗana ne a jiki, 'ya'yanta suka jingine shi a bayan ƙofa. Mutanen tudu ma suna shigowa yanzu, a ɗauke su hoto. Hamis ya ce ko ba komai fim ya buɗe ƙofa. Na ce ƙofar da ma ba a kulle take ba.

Juma'ar da ta wuce na tafi da butata da sassafe, zan zuba wa Marzuk ruwa. Ina isa ƙofa na hango Munji a ciki, zaune a kan wani dutse tsakiyar maƙabarta, ba mota, ba kowa. Ya rame. Ya shigo kam, har tsakiya. Jira yake ya ga inda zan nufa.

Na tsaya a ƙofa. Ya taso.

"Ummi Mbarka. Ba sai kin yi magana ba. Ki wuce kawai, ni zan tsaya nesa."

"Nesa ka iya."

"Har yaushe?"

"Idan na mutu, gefensa za a haƙa min, na gaya wa maza. Ba ni da ɗa, ba ni da wa. Ka biyo makara, ka ga inda za ta tsaya."

"In sauka?"

"Ban roƙe ka ba. Ba na so ka ce wallahi."

Ya tsaya, na tsaya. Rana ta fara zafi, ni kuma tsayuwa ta daina yi min daɗi. Na leƙa can ƙurya ta wutsiyar ido, ban bari kaina ya juya ba. Yaron nan bai taɓa kwana Juma'a ba ruwa ba sai ranar.

Na juye butar a gindin katanga, na koma gida.